Tsagewar da Ba Hannun Kowa: Tarihin Ja-in-jar da ke Cikin Dalma

Ƴan uwa ɗalibai, da aka ce kowa ya kawo rubutun tarihi don wannan ɗan littafi namu, na san wasu za su ɗauki sarakunan Damagaram, wasu zuwan Faransawa, wasu ayarin gishiri. Ni tukunya na ɗauka. Kada ku yi dariya tukuna, don a kan tukunyar nan an taɓa dukan ƙanwata a banza, kuma sai da na bi tarihin ƙarfe har ƙasar Jamus da Indiya kafin in gane abin da ya faru a tsakar gidanmu a Olelewa.

Ina aji uku a kolej Inna ta sai da akuya ta sayo babbar tukunyar dalma, irin wadda ake dafa abincin suna. Sau biyu aka ɗora ta a murhu. Aka wanke, aka kife ta a ɗaki, damina ta zo ta wuce. Ranar da aka fito da ita don bikin wata ƴar uwarmu, sai ga tsagewa tun daga gindin kunnenta har kusan rabin ciki. Wa ya wanke ta na ƙarshe? Ƙanwata, tana da shekara goma sha ɗaya. Ta yi rantsuwa har ta gaji cewa ba ta yar da ita ba, amma ta sha bulala. Waɗanda suka ji tausayinta kuwa cewa suka yi kambun baka ne, maƙwabta sun cika yaba tukunyar. Ba wanda ya kawo wa ransa cewa ƙarfe yana iya tsagewa shi kaɗai, yana kife, ba wanda ya taɓa shi.

To yana iyawa. Kuma duniya ta daɗe kafin ta yarda da haka.

Abin da muke kira dalma a bakin masu tukwane, sunansa na littafi alminiyam, kuma baƙo ne a ƙasarmu. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Damargu a watan Janairu na 1851, yana biye da ayarin Abzinawa, kakanninmu da tukunyar ƙasa suke girki, maƙera kuma baƙin ƙarfe da jan ƙarfe suka sani. A Turai ma a lokacin alminiyam abin kallo ne. A 1855 aka baje ƴan sandunansa a babban bajekolin birnin Paris kamar wata azurfa. Sai a 1886 samari biyu, Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a gefensa, suka gano yadda ake fitar da shi da wutar lantarki. Dukansu shekararsu ashirin da biyu zuwa da uku, sa'o'in wasunmu ke nan. Daga nan farashinsa ya faɗi.

Amma alminiyam tsantsa laushi gare shi, ba ya ɗaukar kaya. Wanda ya ba shi ƙashi wani Bajamushe ne, Alfred Wilm, a wani ɗakin bincike kusa da Berlin. A 1906 ya haɗa alminiyam da ɗan jan ƙarfe, wajen kashi huɗu cikin ɗari, da ɗan maganiziyam, ya gasa shi da zafi sosai, ya tsoma a ruwa kamar yadda maƙeranmu ke yi wa gatari. Ya auna ƙarfinsa, bai ga wani abin kirki ba, ya tafi hutun ƙarshen mako. Da aka dawo aka sake aunawa, sai ga ƙarfen ya yi tauri shi kaɗai yana ajiye a kan tebur. Wannan haɗi shi aka sa wa suna Duralumin, kuma da shi Jamus ta ƙera jiragen sama a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ku riƙe wannan da kyau: ƙarfe yana ajiye, amma cikinsa bai tsaya ba. Wilm ya ga alherin abin. Sharrinsa kuwa yana nan tafe, kuma duka biyun daga tsomawa a ruwa suke fitowa.

Bari in bayyana yadda abin yake, yadda mushen fizik ya zana mana a allo a lise a Damagaram. Kowane ƙarfe yana kumbura da zafi, yana tsukewa da sanyi. Ka ɗauki gundumemen ƙarfe mai zafi ka jefa a ruwan sanyi. Bayansa ne zai fara hucewa, ya tsuke, ya yi tauri, kamar yadda tuwo ke yin ɓawo a sama alhali cikinsa na tururi. Daga baya cikin ma ya huce, shi ma yana son ya tsuke, amma ina, ɓawon ya riga ya ƙage, ya hana shi. Sai a zauna a haka: ciki yana jan ɓawo, ɓawo yana riƙe da ciki. A waje lafiya lau, ba ka ganin komai. A ciki kuwa kamar igiyar guga ce da mutum biyu ke ja, kowa ya kafa ƙafa, ba mai motsi. Turawa suna da sunansu na wannan abu. Ni na raɗa masa ɓoyayyen ja-in-ja. A cikin kaurin alminiyam da aka tsoma a ruwan sanyi, ƙarfin jan yakan kai wajen megapaskal 200, wato kamar ka rataya buhun gero ashirin masu kilo ɗari-ɗari a wurin da bai fi faɗin farcenka ba.

Waɗanda suka fara shan wahalar wannan ja-in-ja sosai sojojin Ingila ne a Indiya, kuma ba ma a alminiyam ba, a kwanson harsashi na tagulla. Duk damina sai a iske kwansuna sun tsattsage a ajiye, ba a harba su ba, ba wanda ya taka su. Har suna suka ba abin, wai tsagewar yanayi, don sun ɗauka ruwan sama ne kawai.  Sai a 1921 wasu masu bincike uku a Ingila suka warware maganar. Idan ruwa ya sauka ana kai harsasan ɗakin dawaki a ajiye. Fitsarin doki yana fitar da wani tururi mai yaji, amoniya, wanda duk wanda ya taɓa share barga ya san warinsa. Kwanson kuma tun daga masana'anta yake ɗauke da ja-in-ja, saboda matsa shi da aka yi da sanyi. Tururin shi kaɗai ba ya tsaga tagulla, ja-in-jar ita kaɗai ma ba ta tsagawa. Haɗuwarsu ce masifar. Maganin da aka samu kuwa mai sauƙi ne: a ɗan ɗumama kwanson bayan an ƙera shi, ƙarfen ya saki jiki.

A tsakanin waɗannan shekaru ne aka koyi auna abin da ido ba ya gani. A 1911 Emil Heyn da abokin aikinsa Bauer a Jamus suka riƙa feƙe sandar ƙarfe kaɗan-kaɗan suna auna tsawonta, suka ga tana sauyawa duk lokacin da aka cire wani ɓawo. A 1934 Josef Mathar ya kawo dabarar huda ɗan rami a auna yadda gefensa ya motsa. Har gobe ana aiki da wannan dabara.

Yanzu mu dawo kan alminiyam. Da jirage suka girma aka buƙaci haɗi mafi ƙarfi, sai aka koma sa tutiya. Kamfanin Sumitomo na Japan ya fitar da irinsa a 1936, Alcoa na Amurka ya fitar da wanda ake kira 7075 a 1943. Manyan sassan jirgi, irin ƙashin fiffike da maɗaurin taya, ba zuba su ake yi a narke ba, ƙera su ake yi. A ɗumama gundumen ƙarfe a matse shi tsakanin tambura biyu har ya ɗauki siffa. Aikin maƙeri ne sak, sai dai masabar ta fi gida girma. A 1955 Amurka ta kafa injunan matsi masu ƙarfin tan 50,000, ɗaya a birnin Cleveland. Bayan ƙira sai horon wuta: a gasa a wajen digiri 470, a tsoma a ruwa cikin ƴan daƙiƙu, sannan a ɗumama a digiri 120 na awa 24. Wannan horo shi ake kira T6, kuma yana ba da ƙarfi ƙwarai.

Sai matsaloli biyu suka ɓullo. Ta farko a masana'anta: a ɗora ƙeren a kan injin feƙewa, a cire ɓawonsa, ana kwance shi sai ya lanƙwashe kamar busasshiyar fata. Dalili, an cire ɗaya daga cikin masu jan igiyar, ɗayan ya faɗi da baya. Ta biyu ta fi muni. Feƙewar tana tone cikin nan da ke cikin ja, ta bar shi a fili. Ƙira kuma tana jera ƙwayoyin ƙarfe a layi ɗaya kamar jijiyar itace, kuma duk wanda ya taɓa faskare ya san ta inda itace ke saurin tsagewa. Idan jan ya faɗo a kan wannan gefe mai rauni, ga laima, ga ɗan gishirin iskar teku, sai tsagewa ta fara rarrafe tsakanin ƙwayoyin, a hankali, wata da watanni. A shekarun 1950 da 1960 an yi ta samun sassan jirage sun tsage, wasu ma jirgin yana ajiye a fili bai tashi ba. Wani haɗi da ake kira 7079 ya yi ƙaurin suna a kan haka har aka daina sa shi a sababbin jirage. Kumbon Apollo da aka yi don sauka kan wata ma bai tsira ba: kafin tafiyar 1969 an iske irin wannan tsagewa a wasu sassansa na alminiyam, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana dubawa ana canzawa.

Magungunan da aka samu, in ka dube su, duk haƙuri ne. Na ɗaya, a daina tsomawa a ruwa mai sanyi ƙarara, a yi da ruwan ɗumi, wajen digiri 60 zuwa 80, ko ruwan da aka gauraya da wani sinadari mai rage saurin hucewa. Na biyu, bayan tsomawa a ja farantin ya ƙaru da kashi ɗaya da rabi zuwa uku cikin ɗari, ko a ɗan sake matse ƙeren da sanyi, don ciki da waje su daidaita. Na uku, wajen 1960 aka fito da horon T73, inda ake ƙara gasa ƙarfen ya ɗan wuce ƙololuwar taurinsa. Yana rasa kashi goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari na ƙarfinsa, amma ya daina tsagewa da laima. Injiniyoyi suka yarda su rage ƙarfi don su sami kwanciyar hankali. Sama da shekara hamsin ke nan daga ranar da Wilm ya tsoma ƙarfensa a ruwa.

To ina ruwan tukunyar Inna da jirgin sama? Ai dangi ne, na jini ma. Sana'ar zubin tukunyar dalma ta bazu a Afirka ta Yamma ne bayan 1945, lokacin da tarkacen motoci da kayan yaƙi suka yi yawa. Wata malamar tarihi a Jami'ar Chicago, Emily Osborn, ta bi sawun sana'ar, ta nuna yadda masu hannu suka riƙa ɗaukarta daga gari zuwa gari, Senegal tana cikin wuraren farko, yaro ya koya a wajen maigida ya tafi wata ƙasa ya buɗe tasa rumfa. Haka ta iso mu. Yau in ka shiga kasuwar Katako a Yamai, ko rumfunan Maraɗi da Damagaram da Kano, za ka ga ana narka fistan na mota, da gwangwanin lemo, da tsofaffin tukwane, a kan gawayi da zuga-zugi. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, gawayi kuwa ya isa ya kai shi nan. A zuba a cikin akwatin yashi da aka dandaƙe da siffar tukunya, a jira, a fasa yashin.

Zubi dabam, ƙira dabam, kuma tukunya ba a yi mata horon T6. Amma dokar hucewa ɗaya ce. Jikin tukunya siriri ne, kunnenta kauri gare shi. Jikin ya riga daskarewa ya fara tsukewa, gindin kunnen yana nan da sauran ruwa-ruwa. Jikin ya ja, wurin mai laushi ya yage ta ciki tun tukunyar tana cikin yashi. Wani lokaci yagewar siririya ce kamar gashi, in aka goge da zarto aka shafe, mai saye ba zai gani ba. In kuma mai zubi yana sauri ya watsa mata ruwa don ta huce a kai kasuwa, to ya ƙara mata ja-in-ja a kan rauni. Sauran aikin murhu ne zai ƙarasa: wuta a gindi, ruwan sanyi a ciki, kanwa da gishiri, sai laimar damina.

Wannan ba a littafi kaɗai na tsaya ba. Da hutu ya zo na ɗauko tukunyar a bayan rumbu, inda aka mai da ita mazubin dusa, na kai wa wani dattijo mai zubi, ba wanda ya yi ta ba. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya saurara.

Ya ce, “Ɗan nan, ka ji? Mai lafiya ƙara take yi kamar ƙararrawa. Wannan muryarta ta dushe.”

Na ce, “Baba, yarinya ce ta yar da ita, ko kuwa?”

Bai amsa ba. Ya sa kurfi ya buɗe tsagewar har kunnen ya ɓalle, ya miƙo mini. Ya ce, “Duba da idonka. Ka ga nan baƙi-baƙi, da gurji-gurji kamar yashi? Wannan tun ranar haihuwarta yake, wuta ce ta dafa shi. Ka ga nan kuma fari yana ƙyalli? Wannan ni na karya yanzu. In da faɗuwa ta yi, da ka ga inda ta lotsa. Ina lotsawar?”

Babu. Na juya tukunyar ko'ina, babu.

Ya ce, “Wanda ya zuba ta ya yi gaggawa. Kunne mai kauri ana yi masa kwana a gindi, ba a barinsa da kusurwa. Kuma a bar ta ta huce cikin yashinta. Ƙarfe ba ya son a tashe shi daga barci.”

Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Abin da injiniyoyin jirage ke yi ke nan idan sashe ya karye: su duba fuskar karayar, su raba tsohuwar tsagewa da sabuwa, su nemo inda ta faro. Dattijon nan bai taɓa shiga lakwal ba, bai taɓa jin sunan Wilm ko Mathar ba, amma maganin da ya faɗa, a kauce wa kusurwa, a sassauta hucewa, shi ne wanda aka kashe miliyoyi kafin a rubuta shi a littafi. Abin da ya rasa shi ne ma'aunin zafi, da hanyar sanin abin da ke cikin tarkacen da yake narkawa. Fistan yana da sinadarin silikon da yawa, yana gudu da kyau a cikin yashi, ba ya saurin yagewa. Wasu tarkacen kuwa, irin masu jan ƙarfe ko tutiya da yawa, sun fi saurin yagewa wajen daskarewa. Shi da ido da nauyin hannu yake rarrabewa. Mu da muka zauna a aji muna da lissafin, amma yawancinmu ko zuga-zugi ba mu iya ja ba, har ma muna ganin maƙera kamar wasu na baya.

Kuma maganar ba ta tsaya a tukunya ba. Tun watan Nuwamba na 2011 matatar mai ta SORAZ take aiki a cikin ƙasar Olelewa, kan hanyar Damagaram zuwa Tanut, tana tace ganga 20,000 a rana daga man Agadem. Da dare muna hango wutarta. Kowace matata a duniya bututu ce da tankuna da aka haɗa da walda, walda kuma zafi ne a wuri guda da sanyi a kewaye, wato gidan ja-in-ja. Shi ya sa akwai sana'a sukutum ta mutanen da aikinsu ɗumama walda ne don ta saki jiki, da masu bin ta da na'ura suna neman tsagewa kafin ta yi magana. Tukunyar gas da ta fara shiga gidajenmu, da babur ɗin da muke hawa, da ƙarfen da ke riƙe da faifan sola a kan rijiyar burtsatse, duk wannan ilimi ne ke tsare su. In ba mu koya ba, kullum sai dai a zo mana da mai dubawa daga nesa, mu kuma in abu ya karye mu nemi wanda za mu ɗora wa.

Wannan ɗorawar ita ce ta fi damuna. A Indiya an zargi damina shekara da shekaru, alhali laifin yana cikin kwanson tun daga masana'anta. A gidanmu an zargi yarinya da bakin maƙwabta. Duk inda mutane ba su san yadda abu ke karyewa ba, mai ƙaramin ƙarfi ne ke ɗaukar laifi, don shi ne hannu na ƙarshe da aka gani.

Na kawo wa Inna kunnen tukunyar, na nuna mata baƙin da farin, na faɗa mata abin da dattijon ya ce. Ta daɗe tana juya shi a tafin hannunta. Ba ta ce komai ba a lokacin, kun san iyayenmu. Amma da dare na ji ta kira ƙanwata ɗaki, suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, washegari kuma ita aka ba kuɗi ta bi ayarin mata zuwa kasuwa ta zaɓo sabuwar tukunya. Kafin ta tafi na koya mata ƙwanƙwasawa, da duba gindin kunne a cikin hasken rana. Ta ce ta ƙwanƙwasa bakwai kafin ta ɗauki ɗaya, har mai tukwanen ya tambaye ta ko ƴar maƙera ce.

Kunnen tsohuwar tukunyar yana nan cikin jakata ta lakwal. Duk wanda ke son ya ga bambancin tsohuwar tsagewa da sabuwa, ya same ni bayan taronmu na gaba, in nuna masa.